Babin da Na Rubuta wa Yohanna

Har gobe ina ganin ranar Litinin ɗin da Yohanna ya ajiye takardunsa a kan teburina, ya turo su gabana da hannu biyu kamar mai miƙa goron gaisuwa. Farkon watan Satumba ne, ina cikin shekarata ta uku a cibiyar taimaka wa ɗalibai da rubutu ta jami'armu a nan Greensboro. Tunda ku biyu za ku fara aiki tare da mu mako mai zuwa, gara ku ji labarin daga bakina kafin wani ya ba ku shi da gishiri.

Bari in fara da yadda aikin yake. A sama akwai darakta, a lokacin Dakta Alison ce, wata siririyar Ba'amurkiya mai magana ƙasa-ƙasa. A ƙarƙashinta akwai mu uku, manyan masu duba rubutu, sai kuma ɗaliban babban digiri irinku da ke aikin sa'o'i. Ɗalibi zai zaɓi lokaci a kwamfuta, ya zo da abin da ya rubuta, a zauna minti arba'in da biyar. Shi zai karanta da bakinsa, ma'aikaci ya saurara ya yi tambaya. Idan ya tafi, sai a rubuta ɗan rahoton abin da aka tattauna. Dokar da ta fi kowace girma ita ce biro a hannun mai rubutu yake zama. Ba ma gyara wa kowa aikinsa. Iyaka mu nuna masa inda muka yi tuntuɓe a karatu, shi ya san yadda zai yi da dutsen.

Ni kuwa kafin in zo ƙasar nan, shekara goma sha shida na yi ina koyar da Turanci a kwalejin ilimi a gida. Jan biron da na ƙarar ba ya ƙirguwa. Ɗalibaina a bayan idona Malama Sake suke ce min, don ba na mayar da takarda ban rubuta "sake" a samanta ba. Saboda haka da aka karanta min dokar cibiya na amsa da baki, amma hannuna bai sa hannu a yarjejeniyar ba.

Yohanna mutumin Kaltungo ne, a lokacin bai fi shekara talatin ba. Yana digiri na biyu a fannin rubuta ƙagaggun labarai, kuma littafin da yake rubutawa shi ne zai miƙa a matsayin kundin kammala karatu a watan Disamba. Sunana ya gani a jerin ma'aikata ya zaɓe ni.

"Anti, ina wuni? Na ga an rubuta Rabi'atu, na ce wannan tamu ce."

"Lafiya lau. Ai kuwa taku ce, ta Malumfashi. Zauna mana."

Littafin da Turanci yake, amma hirarmu da Hausa muka yi ta tun daga ranar. Ya fara karatu. A shafi na uku na gane cewa mutumin da jarumin labarin, wani Ayuba, yake dafa wa abinci yana jiran dawowarsa daga aiki, ba wansa ba ne, ba kuma ubangidansa ba ne. Maza biyu ne masu zaman soyayya a gida ɗaya. Na gyara mayafina, ba don ya zame ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Kun san inda aka rene ni, kun kuma san kalmar da muke da ita a gida ga irin wannan, wadda ba a furta ta sai a wurin zagi. Yohanna ya lura. Ya dakata, ya fara tattara takardunsa.

"Anti, in ba za ki iya ba, ba komai. Sai in nemi wani. Sori."

"Wa ya ce ka tsaya? Aya da waƙafi ba ruwansu da wa ke son wa. Ci gaba."

Ranar na koma gida ina jin kaina wata wayayyar mata, wadda ya kamata a ba lambar yabo.

Ga yadda labarin yake. Ayuba saurayi ne ɗan ƙasarmu da ke aikin kula da tsofaffi. Abokin zamansa wani Bature ne likitan haƙori, ya girme shi da shekara ashirin, kuma a littafin ba a ambaci sunansa ba, Likita kawai ake ce masa. Likita bai taɓa ɗaga wa Ayuba hannu ba, ko murya ba ya ɗagawa. Shi ke zaɓar masa rigar da zai sa. In baƙi sun zo sai ya sa shi ya maimaita wata kalmar Turanci don a yi dariya, sannan ya shafa kan Ayuba ya ce ai wannan harshen nasa ne ya sa yake son sa. Wata rana ya tarar da daddawa a firiji, ya juye ta a shara, ya buɗe tagogi ya bar su har yamma. In ya yi fushi sai ya ɗauke magana kwana uku, Ayuba ya yi ta ba da haƙuri a kan laifin da bai san ko mene ne ba. A babin ƙarshe Ayuba ya haɗa kayansa a jaka, ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya mayar da kayan cikin durowa, ya shiga kicin ya ɗora tukunya.

Abin da na zaci zai dame ni a littafin bai dame ni ba kamar wannan tukunyar. A zamanmu na uku na kasa daurewa.

"Yohanna, wai wannan Ayuban naka ba shi da zuciya ne?"

"Yana da ita, Anti."

"To ina take? Mutum da ransa da lafiyarsa da aikinsa, a riƙa juya shi kamar waina a tanda, shi kuma yana godiya? Ba mai karatun da zai yarda. Ni tun da nake ban taɓa ganin mutum haka ba."

Ya yi ɗan murmushi, ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Anti. Sori. Zan gyara."

Daga nan abu ya fara. Ranar da na fara riƙe bironsa, aro na yi don in nuna masa wuri ɗaya. Mako na gaba ma da kansa ya miƙo min tun kafin ya zauna. Na soke masa sakin layi guda, ya ce na gode. Na canza sunan babi, ya ce ai wannan ya fi. Shekara uku ina haɗiye "sake" a cikina a ƙasar da in ka ce wa ɗalibi jimlarsa ba ta yi ba sai ya tambaye ka dalili, yau ga Allah ya kawo min ɗan gida mai tarbiyya. Yakan zo min da kilishi daga wani shagon kayan Afirka da ke titin Gate City Boulevard. Na wuce littafi na shiga gyara shi kansa: ɗago kai in kana magana, daina cin farce, wannan rigar ba ta karɓe ka ba. Na hana shi nuna wa 'yan ajinsu sababbin shafuka, na ce za su rikita shi ne kawai.

"Kuma ka daina ce min sori," na ce masa wata rana. "Namiji ba ya yawan ba da haƙuri."

"Sori, Anti."

Na yi dariya har da ƙwalla. A rahoton ranar na rubuta cewa mun tattauna tsarin babi.

Wajen ƙarshen Oktoba aka yi wata rana mai ruwan sama, muka zarce lokaci. Sai ga wani dogon Bature mai furfura ya shigo cibiya, yana kaɗa makullin mota, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Yohanna ya miƙe zumbur har kujera ta kusa faɗuwa.

"Anti, wannan Warren ne."

Mutumin ya gaishe ni da fara'a. Ya ce ashe ni ce Antin da ya gaji da jin labarinta, ya ce John ba shi da zance sai nawa. Na ce wane John? Ya ce ai Yohanna yana yi wa abokansu wuyar faɗa, shi ya sa ya sauƙaƙa musu. Na juya na tambayi Yohanna ko wace rana ce aka sa masa ya miƙa kundi, Warren ya amsa. Na tambaye shi ko zai zo ranar Litinin, Warren ya ce zai gani in da hali. Sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "John, faɗa mata sunan unguwarmu ta ji yadda kake faɗa. Wallahi sai kin yi dariya." Ko da yake shi bai ce wallahi ba, amma haka muryarsa ta nuna.

Yohanna ya ce, "Sedgefield." Warren ya ƙyalƙyale da dariya, ya shafa kan Yohanna. Yohanna ma ya yi dariya, bai kalle ni ba. Daga baya na ji cewa Warren dillalin gidaje ne. Sana'ar kaɗai Yohanna ya canza masa a littafi.

A cikin bas ina kallon ruwa a jikin gilashi na tuna abin da na faɗa, cewa ban taɓa ganin mutum haka ba, alhali mutumin yana zaune a gabana yana riƙe min takarda. Mai hankali daga nan sai ya sassauta. Ni ƙara wuta na yi. Na ce ai yanzu ba littafi nake gyarawa ba, rai zan ceto. Lissafina shi ne in Yohanna ya rubuta da hannunsa cewa Ayuba ya fita, wata rana ƙafafunsa za su bi hannunsa.

Na zaunar da shi na yi masa shibtar sabon babin ƙarshe. Ayuba ya tsaya a tsakiyar falo sanye da rigar da ya zaɓa da kansa, ya yi wa Likita jawabi na shafi biyu a kan mutunci da darajar ɗan Adam, ya ɗauki jaka, ya buga ƙofa har hoton bango ya faɗo. Ina faɗa Yohanna yana rubutawa, in ya yi jinkiri in karɓi biro. Na ce ya je ya buga a kwamfuta ya kawo.

Da ya dawo, sai na ga ya taɓa min aiki. Ya rage jawabin, ya cire hoton bangon, ya bar Ayuba zaune a kan matakalar ƙofar gida da jaka a cinya. Ban yi faɗa ba, ai ni ba na ɗaga murya. Na karanta, na ajiye, na ce, "To, littafinka ne." Na kalli agogo, na sallame shi saura minti goma. Ya aiko min da imel da yammar ranar, ban amsa ba. Ya sake aikowa washegari, ban amsa ba. Na ukun layi ɗaya ne: "Anti, ban san abin da na yi ba, amma don Allah ki yi haƙuri." Na karanta, kuma Allah ya yafe min, daɗi na ji. Kwana uku cif na ɗauke masa magana, ni da na karanta littafin nan fiye da kowa, ban lura da komai ba. Ranar Litinin ya dawo da babina daidai yadda na faɗa, har da hoton bango. Haka ya miƙa wa malamin da ke duba kundinsa.

A ƙa'idar cibiya, darakta takan zauna a zaman kowane ma'aikaci sau ɗaya a zango, ta saurara, ta rubuta abin da ta gani. Nawa ya faɗo a tsakiyar Nuwamba, kuma Dakta Alison da kanta ta zaɓi zamana da Yohanna. Ta zauna a lungu da ɗan littafinta. Ban damu ba, tunda ba ta jin Hausa. Bayan ya tafi ta ce in same ta a ofis.

"Rabi, ban ji ko kalma ɗaya daga abin da kuka faɗa ba, sai guda. Na san sori. Bakinki bai huta ba, nasa bai buɗe ba sai don ya faɗi wannan. Biro kuma a hannunki ya wuni."

"Dakta, yaron nan bai san darajar kansa ba. Ita nake koya masa."

"Shi ya ce ki koya masa?"

Sai na jawo al'ada na kare kaina da ita. Na ce a wurinmu babba yana da haƙƙin ya sa ƙarami a hanya, ita ba za ta gane ba. Ta ce mai yiwuwa ne. Sannan ta juyo min da fuskar kwamfutarta. Wasiƙa ce daga malamin Yohanna. Ya ce babin ƙarshe ba muryar ɗalibinsa ba ce, ko kusa, kuma ya miƙa maganar ga kwamitin da ke binciken satar aiki. Ga waɗanda ba su sani ba, idan wannan kwamiti ya tabbatar wani ne ya rubuta wa ɗalibi aikinsa, suna iya korar sa daga jami'a, ɗalibin da ya zo daga waje kuwa in karatu ya tafi, biza ma ta bi shi.

"Sun riga sun kira shi," in ji ta. "Ya ce kowace kalma tasa ce. Ya ce ke aya da waƙafi kawai kike duba masa."

Yaron ya shirya ya ɗauki laifina ya ɗora a kansa, ba tare da na roƙe shi ba, kamar dai yadda Ayuba zai yi. Wata uku ina koya masa darajar kai, ga sakamakon jarrabawa ya fito.

Na rubuta bayani na shafi biyu, na sa hannu. A makon farko na Disamba na bayyana gaban kwamitin, mutum uku a bayan dogon tebur. Suka ce in nuna jimlolin da suka fito daga bakina. Na ce sai dai in nuna waɗanda ba nawa ba, zai fi sauri. Suka ce in karanta wani yanki na jawabin Ayuba a fili. A ɗakina jawabin nan kamar zai fasa dutse, a ɗakinsu kuwa kunya ta rufe ni tun a layi na biyu. Wani dattijo a cikinsu ya cire tabarau ya ce shi dama ya yi ta mamakin yadda Ayuba, mutumin da bai cika magana ba a shafi ɗari biyu, ya koma kamar shugabar makaranta a wajen asambile.

Hukunci ya fito bayan kwana goma. Ba a kori Yohanna ba, amma an ce ya janye babin ya sake rubutawa, kuma kammalawarsa ta tashi daga Disamba ta koma Mayu. Ni kuma aka sa min takardar gargaɗi a fayil, aka ce zango guda za a riƙa sa min ido. Daga baya na ji cewa Yohanna ya riga ya nemi aiki a wani gari, yana jiran takardar digiri ya tafi ba tare da ya gaya wa kowa ba. Aikin ya wuce shi. Ke nan ceton da na yi masa ya ƙara masa wata biyar a gidan Warren.

Dakta Alison ta gaya wa Yohanna yana da damar ya canza ma'aikaci. A Janairu na buɗe jadawalina na ga sunansa, Litinin, ƙarfe biyu. Ya shigo ba kilishi. Na sa hannayena biyu a ƙarƙashin tebur.

"Yohanna, na cuce ka. Ka yafe min."

"Ba komai, Anti."

"Da komai."

Ya kalle ni, ya gyaɗa kai, bai musa ba. Ya fito da takardu ya karanta babinsa na asali, ya ɗan ƙara masa nama. Ayuba a bakin ƙofa, Ayuba yana ninke riguna yana mayarwa durowa, Ayuba yana yanka albasa. Na saurara har ƙarshe. Kuma da yake hali zanen dutse ne, da takardar gargaɗin a fayil ɗina da komai, sai na ji bakina yana cewa:

"Ko jimla ɗaya ce, Yohanna. Ya bar jakar a ɗaure mana, ko a ƙarƙashin gado ne. Mai karatu ya samu abin riƙewa."

"A'a, Anti."

Na jira sori, bai zo ba. Ya ajiye takardun ya haɗa hannayensa a kansu.

"Anti, kin ɗauka Ayuba bai san ana wulaƙanta shi ba ne? Ya fi ki sani, shi ke ciki. Amma duba. A gida Mamansa tana can tana nema masa mata, kullum sai ta turo hoto. A coci yana cikin 'yan kwaya masu waƙa, ba wanda ya sani. 'Yan ƙasarsa da ke garin nan in suka ji, kin san abin da zai biyo baya, kafin yamma labari ya isa ƙauyensu. Mutum ɗaya ne a duniya ya san shi gaba da baya bai gudu ba, shi ne Likita. Likita kuma ya san haka, shi ya sa ba ya buƙatar ɗaga murya. Kin sa shi ya yi jawabi, ya buga ƙofa, ya fita. To ya fita. Sai ina? Gidanki?"

Akwai ɗaki guda a gidanmu da ba kowa a ciki tun da 'yarmu ta tafi karatu. Shi na fara tunawa. Sai na tuna maigidana, na tuna matan da muke haɗuwa da su ranar Juma'a, na tuna yadda magana take tafiya a tsakaninmu. Na kalli tebur. Bai matsa min ba.

"Shi ya sa ya ɗora tukunya," ya ce. "Kuma ni ban rubuta littafin nan don in koya wa Ayuba hankali ba. Na rubuta ne don wanda ke zaune a irin gidan ya karanta ya ga ashe ba hauka yake yi ba, abin da yake ji ana yi masa, da gaske ana yi masa. In Ayuba ya zama jarumi a shafin ƙarshe, mutumin nan zai rufe littafi ya ce to ni ne dai rago."

Rahoton ranar shi ne na farko da na rubuta gaskiya a kansa: ɗalibi ya yi bayani, ma'aikaciya ta saurara.

Ya kammala a watan Mayu. Sashensu yakan shirya taro inda masu kammalawa ke karanta wani yanki na aikinsu a gaban jama'a, na je na zauna a baya. Babin tukunya ya karanta, kuma da ya gama aka fara tafi. Warren yana layin gaba, ya fi kowa tafi. Bai ga kansa a littafin ba, tunda shi ba likitan haƙori ba ne. A wajen shan lemo na ji shi yana gaya wa mutane cewa lokacin da ya samu John ko wasiƙa ba ya iya rubutawa da kyau, shi ya mayar da shi marubuci. Na ji haushi ƙwarai. Sai matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko na san mai karatun, na buɗe baki zan ce ai a hannuna ya koyi aikin. Na rufe, na ce mata ɗan ƙasarmu ne.

Bayan wata shida ko bakwai na gamu da Yohanna a unguwar Glenwood, yana tura keke da ledar cefane a rataye. Muka gaisa, na tambayi aiki, na tambayi mutanen gida. Ban tambayi komai bayan wannan ba. Shi da kansa ya nuna min wani ƙaramin tsohon gida, ya ce ya kama ɗaki a nan tare da wasu ɗalibai biyu.

"Allah ya sa alheri," na ce.

"Amin. Amma Anti, ba babinki ne ya sa ba fa."

"Na sani."

Bai gaya min abin da ya sa ba, ko ya rabu da Warren gaba ɗaya ko tashi kawai ya yi, ni ma ban nema ba. Ya hau kekensa ya wuce.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Mai danne mutum a kan takarda ba ya wuyar ganewa, tun a shafi na biyar na kama Likita. Wanda ke zaune a kujerarka sanye da kayanka shi ne mai wuyar gani, musamman in niyyarsa mai kyau ce. Yawancin masu zuwa wurinmu sun riga sun raina abin da suka rubuta kafin su shigo, wasu har da kansu suka raina. Za ku samu ɗalibin da zai yi musu da ku a kan kowane waƙafi, zai gajiyar da ku, amma wannan lafiyarsa ƙalau. Wanda za ku ji tsoro shi ne mai yawan godiya, wanda duk abin da kuka ce sai ya ce ya fi nasa. Ranar da kuka ji zama da shi yana yi muku daɗi, ku binciki kanku. Kuma kafin ku ce wa marubuci ba a yin mutum haka, ku dubi wanda ke zaune a gabanku.

Tambayar da Yohanna ya yi min kuwa, "Gidanki?", har yau ban ba shi amsa ba. Ɗakin yana nan, keken ɗinkina ne a ciki da wasu akwatuna da ba mu buɗe ba.